Yaro ya gama karatun shari'a: ina aikin yake, wa zai tsaya masa?

A duk ƙarshen shekarar karatu, jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'ar Jibo Hamani ta Tawa da jami'ar Musulunci ta Sayi suna sallamar samari da 'yan mata da suka karanta shari'a da dokokin ƙasa. Cikinsu akwai 'ya'yan manyan ma'aikata, akwai kuma 'ya'yan mai tebur da na mai tuyar ƙosai da na dillalin shanu. Wasu 'yan birni ne, wasu kuwa sun fito ne daga ƙasar karkara irin ta Azagor, can arewacin Dakoro cikin jahar Maraɗi, inda sau da yawa sai an kai bisa kasuwa kafin a aika wa ɗalibi kuɗin mota. Ranar da yaro ya dawo da difilom ana murna, ana cewa gidan wane an samu alƙali. To amma bayan wata shida, ko shekara ɗaya, ko biyu, sai ka iske yaron zaune a fada yana dafa shayi, uwa tana ci gaba da ba shi kuɗin sabulu, maƙwabta kuma sun fara tsegumi.

Alhazai da hajiyoyi, 'yan kasuwa maza da mata, wannan magana taku ce, domin ku ne kuka biya kuɗin karatun nan daga ribar tebur da zubin adashe. Abin da mutane suka fi faɗa shi ne yaro bai samu aiki ba saboda ba shi da hanya. Akwai gaskiya cikin maganar. Sai dai ya kamata mu tsaya mu duba mece ce hanyar nan, yaya ake samunta ta halal, kuma ko lalle sai a Yamai take.

Difilom kaɗai ba ya mai da mutum lauya

Abu na farko da ya kamata iyaye su sani shi ne, wanda ya yi shekara 3 a jami'a bayan bak ya samu lisansi bai zama alƙali ba, bai kuma zama lauya ba. Ko ya ƙara shekara 2 ya samu mastar, har yanzu da saura. Karatun jami'a yana koya wa yaro dokoki, amma kowace sana'a ta shari'a tana da tata ƙofa.

Wanda yake so ya zama lauya, ko aboka kamar yadda muke cewa, dokar da ƙasashen UEMOA masu kuɗin sefa suka amince da ita a shekarar 2014 ta ce sai yana da mastar a fannin shari'a ko tsohuwar takardar da ke daidai da ita, sai ya ci jarabawar da ake kira CAPA, sannan ya yi shekara 3 cur yana koyon aiki a ofishin wani babban lauya kafin a rubuta sunansa cikin jerin lauyoyi. Idan aka haɗa lissafi, shekara 8 ke nan bayan bak, in har ba a yi yajin aiki ko maimaita aji ba. Wanda yake so ya zama alƙali ko magatakardan kotu, sai ya jira gwamnati ta buɗe konkur, ya ci, ya shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN da ke Yamai. Aikin notar, mai rubuta takardun gida da na kamfani, da aikin wisiye, mai kai sammaci da karɓo bashi bisa hukuncin kotu, su ma sai an koyi aiki a hannun wani, kuma gwamnati ce ke ba da izinin buɗe ofis.

Ko a maƙwabciyarmu Najeriya haka abin yake. Bayan shekara 5 na jami'a sai ɗalibi ya shiga makarantar lauyoyi ta ƙasa, wadda take da reshe a Bagauda kusa da Kano, ya yi shekara guda kafin ya sa baƙar riga. Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya dawo gida da lisansi bai fara shiga kotu ba, kada ya ɗauka yaron ya yi wasa da karatu. Tafiyar ce ba ta ƙare ba.

Ƙofofin gwamnati da takardun da suke bukata

Yawancin yaranmu idonsu yana kan aikin gwamnati, kuma ba laifinsu ba ne, domin shi ne aikin da ke da albashi duk wata da fansho. Matsalar ita ce konkur ba kullum ake buɗe shi ba, kuma duk ranar da aka buɗe, masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Ga shi kuma akwai iyakar shekarun haihuwa, wanda ya wuce ta ya fita ke nan.

Kafin konkur ya zo, akwai abubuwa biyu da yaro ba zai yi sakaci da su ba. Na ɗaya shi ne bautar ƙasa, wato serbis sibik na shekara 2, inda ake tura masu difilom ma'aikatu da ofisoshin jahohi ana ba su ɗan abin kashewa. Kuɗin ba su da yawa, amma nan ne yaro yake fara ganin yadda ofis ke tafiya, nan ne kuma manya suke fara sanin fuskarsa da halinsa. Na biyu shi ne yin rajista a hukumar samar da aikin yi ta ANPE, wadda take da ofis a Maraɗi, a karɓi katin mai neman aiki, domin kamfanoni da ƙungiyoyi da yawa suna tambayarsa.

Sai kuma maganar takardu, wadda ita ce ta fi kayar da 'yan karkara. Kowane konkur yana neman takardar haihuwa, da takardar zama ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba wadda ba ta wuce wata 3 da yi ba, da takardar likita, da kwafin difilom da hukuma ta buga wa hatimi. Yaron da aka haifa a ruga ko a zango sau da yawa ba a yi masa takardar haihuwa da wuri ba, sai daga baya kotu ta yi masa hukuncin da ke madadinta. A nan ne akan samu sunan uba an rubuta shi iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a difilom, ko shekarar haihuwa ta bambanta. Harafi ɗaya yana iya sa a mayar wa yaro da takardunsa ranar rufe karɓa. Mu da muke aikin rediyo mun san sanarwar konkur ba ta cika ba da dogon lokaci ba, kuma daga Azagor zuwa Dakoro, daga Dakoro zuwa Maraɗi mai nisan kilomita wajen 120, ba tafiyar da ake yi sau uku cikin mako ba ce. Gyaran takardu tun ba a buɗe konkur ba ake yin sa. Yaro kuma ya riƙa bin jaridar gwamnati ta Le Sahel, ko ya sa aboki a birni yana duba masa, domin nan ake buga yawancin sanarwoyin.

Wanda ba shi da kowa a Yamai

Kusan duk ofisoshin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, haka manyan bankuna da kamfanonin inshora da na waya da suke ɗaukar masana doka. Ɗan babban ma'aikaci yana kwana gidansu, ya ci abincin gidansu, ya yi wata shida yana koyon aiki ba a biyansa, babu abin da ya dame shi. Ubansa kuma ya yi makaranta tare da mai ofishin. Ɗan Azagor kuwa, ranar da ya gama karatu ya bar ɗakin kwanan ɗalibai, sai ya nemi wurin kwana da kuɗin kabu-kabu da na abinci, ga shi nesa da gida da sama da kilomita 600. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yanke tun farkon shekarar 2024 jika 42 ne, mai koyon aiki kuwa sau da yawa ko wannan ba ya samu. Wata biyu, wata uku, guzuri ya ƙare, ya hau mota ya koma gida.

A shekarun baya ƙungiyoyin agaji da furoje-furoje na ƙasashen waje sun ɗauki yara da yawa masu irin wannan karatu. Wannan ƙofa ta ragu. Bayan sauyin mulki na 26 ga watan Yuli 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye, an kuma dakatar da wasu ƙungiyoyi, sannan a shekarar 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID da ke zuba kuɗi a ayyuka da dama a Afirka. Wanda yake zaune yana jiran furoje kamar yadda yayyensa suka samu shekara 10 da suka wuce, yana iya daɗewa yana jira.

Ku 'yan kasuwa kun riga kun san sirrin

Abin mamaki shi ne, abin da yaran nan suke nema, iyayensu sun fi kowa saninsa. Bafatake ya kawo shanu kasuwar Sakkabal, bai san kowa ba, wa yake nema? Dillali, wanda zai sauke shi, ya tsaya masa, ya ce na san wannan mutum, dabbarsa ba ta sata ba ce. Alhajin Maraɗi ya ɗauko kaya bashi a Kantin Kwari na Kano, babu takarda babu sa hannu, saboda wani da ake jin maganarsa ya ce ya lamunce masa. Yaron kanti yana shekara 5 ko 7 yana ɗaukar kaya yana rufe shago kafin ubangidansa ya sallame shi da jari, kuma ba ya sallamarsa sai ya gwada shi da kuɗi ya ga amanarsa. Mata kuma ba sa saka baƙuwa cikin asusu sai wata ta ce ta san gidanta. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, a kan wannan yarda ya tsaya.

To aikin shari'a ma haka yake. Lauya zai ba yaro sirrin mutane da takardun dukiyarsu. Mai banki zai ba shi takardun bashi. Babu wanda zai yi haka don ya ga difilom kawai, sai wani da ya yarda da shi ya ce ya ga aikin yaron nan, yana zuwa kan lokaci, yana da riƙon sirri, rubutunsa ba ya bukatar gyara. Wannan shaida ita ce hanyar gaskiya, kuma ba a samunta a zaune a fada. Sai an yi wa wani aiki ya gani.

Mutanen farko da za su iya ba da wannan shaida su ne malaman jami'a, domin da yawansu suna hulɗa da kotuna da ofisoshin lauyoyi. Yaron da bai taɓa gaida malaminsa ba cikin shekara 5, ranar da ya zo neman takardar shaida malamin ba zai tuna shi ba. Sai abokan aji da waɗanda suka riga shi fita, su ne suke fara jin labarin gurbi tun ba a buga shi ba. Sai ƙungiyoyin 'yan asalin Dakoro da ke zaune a Yamai da Maraɗi. Zumunta a ƙafa take, kuma ziyarar da ake yi tun ba a da bukata ta fi wadda ake yi da ambulan a hannu. Idan yaro ya samu ganin babba, ya je da takardarsa ta tarihin karatu shafi ɗaya, ya faɗi abu ɗaya da yake nema a fili, misali a bar shi ya koyi aiki wata 3. Wanda ya ce a taimake shi da kowane irin aiki ya ɗora wa babban nauyin tunani, shi kuwa babba ba shi da lokacin yin sa.

Aikin da ke kwance a ƙasar Dakoro

Yanzu mu dawo gida. Azagor tana wurin da gonaki suke haɗuwa da makiyaya, inda Buzaye da Fulani da Hausawa suke zaune tare, suna shan ruwan rijiyoyi ɗaya. Tun shekarar 1961 doka mai lamba 61-05 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ta ba wajen arewa, kuma a ƙasar Dakoro iyakar nan tana bin wajejen kwarin Tarka. Yawan jama'a da ƙarancin gona sun sa noma yana ta matsawa arewa, burtali yana ƙuntata, kowace kaka ana samun rigimar ɓarna. Mutanen jahar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda cikin watan Oktoba 1991 ba, inda faɗan manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane sama da 100, yawancinsu mata da yara.

Bayan wannan ne, a ranar 2 ga watan Maris 1993, aka fitar da dokar karkara mai lamba 93-015, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira Kofo, waɗanda a yanzu ake samu tun daga matakin gunduma har komin da ƙauye. Su ne suke ba da takardar shaidar sayen gona, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina, da ta gado, su ne kuma suke shata burtali da mashaya. A ranar 20 ga watan Mayu 2010 kuma aka ƙara dokar kiwo mai lamba 2010-029, wadda ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi da doka ta tabbatar, ta kuma bar iyakar 1961 a inda take. Rigimar gona ko ta ɓarna tana fara zuwa gaban sarki ko hakimi don sulhu, a rubuta takardar an sasanta ko ba a sasanta ba, sannan in ta ƙi a wuce kotun Dakoro, inda alƙali yake zama da masana al'ada idan shari'ar ta al'ada ce.

Abin tambaya a nan shi ne, mutum nawa ne a zangunan Azagor suka san waɗannan dokoki? Wa yake karanta wa makiyayi takardar da aka ce ya dangwala wa hannu? Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa, wataƙila da Buzanci ko Fillanci, ga Faransanci na makaranta, ya kuma san bambancin rijiyar gargajiya da ta gwamnati tun bai shiga aji ba. Wannan ilimi ɗan Yamai ba shi da shi. Kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki, amma dokokin da ake aiki da su a kotu da Faransanci aka rubuta su, saboda haka mai iya juya su zuwa harshen mutane yana da amfani babba.

Yaro yana iya zuwa wurin sakataren Kofo na gunduma ko na komin ya nemi a bar shi ya taimaka da rubutu da adana takardu. Yana iya neman izinin koyon aiki a ofishin magatakardan kotun Dakoro, ko ya riƙa zama cikin masu sauraro ranar shari'a, domin ƙofar kotu a buɗe take ga kowa. Akwai hukumar ANAJJ da dokar watan Disamba 2011 ta kafa don taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, tana da ofis a manyan kotuna irin ta Maraɗi, kuma saboda ƙarancin lauyoyi a jahohi akan naɗa waɗanda ba lauyoyi ba su kāre wanda ake tuhuma. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, da na kare haƙƙin ɗan Adam irin su Timidiriya da ANDDH, sun daɗe suna aiki da masu wayar da kai kan doka a karkara. Shari'ar Hadijatu Mani, wadda kotun ECOWAS ta yanke a Yamai ranar 27 ga watan Oktoba 2008 ta ce gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa saboda ba ta kāre ta daga bauta ba, daga wani ƙauye na jahar Tawa ta taso, kuma 'yan ƙungiya da ke zagaya ƙauyuka ne suka fara jin kukanta.

Ba a ce duk wanda ya bi nan zai samu albashi nan take ba. Amma bayan shekara guda yana da takardar shaidar aiki da sa hannun alƙali ko na sakataren Kofo, yana kwana gidan dangi ba ya biyan haya, kuma ranar konkur yana amsa tambaya da abin da ya gani da idonsa.

Aikin da ke cikin kasuwa

Ku kanku 'yan kasuwa kuna bukatar yaran nan fiye da yadda kuke zato. Nijar tana cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda aka kafa da yarjejeniyar 17 ga watan Oktoba 1993. Dokokin nan sun ce bashin ciniki yana da wa'adi: bayan shekara 5 mai bin bashi yana iya rasa damar kai ƙara, na saye da sayarwar kaya tsakanin 'yan kasuwa kuwa shekara 2 ne kawai. Sun kuma tanadi gajeriyar hanya da alƙali zai umarci mutum ya biya ba tare da doguwar shari'a ba, amma sai in akwai shaidar da ke nuna bashin da adadinsa. Alhaji nawa ne suka yi asarar miliyoyi saboda babu ko guntuwar takarda, musamman lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin 2023, kaya suka maƙale, bashi ya kwanta?

Mai son samun kwangilar gwamnati ko bashin banki sai yana da rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF. Ƙungiyar mata da ke son tallafi ko asusun banki sai tana da rubutattun ƙa'idoji da takardar amincewar hukuma. Mai hayar shago yana da haƙƙoƙi da doka ta ba shi, waɗanda mai shagon ba zai so ya sani ba. Duk wannan aiki ne da ɗan da ya karanta shari'a zai iya fahimta ya bayyana. Idan ya ƙara da koyon Turanci da ɗan lissafin kuɗi da kwamfuta, ya zama abin nema ga alhazan da ke ciniki ta Ɗan Isa da Jibiya, domin Najeriya ba ta cikin OHADA, dokokinta sun samo asali ne daga na Ingila.

Sai dai a kiyaye iyaka. Wanda ba a rubuta shi cikin lauyoyi ba, ba ya kiran kansa lauya, ba ya karɓar kuɗin mutum da sunan zai tsaya masa a kotu. Buɗe ofishin rubuta takardu da bi wa mutane harkokinsu ma sana'a ce mai bukatar izini. Yaro mai hankali, in magana ta fi ƙarfinsa, sai ya haɗa mai ita da lauya ko wisiye na gaske. Ta haka ne ma lauyan zai san shi, gobe in yana neman mataimaki ya tuna da wanda ya kawo masa aiki.

Sanayya daban, cin hanci daban

Duk lokacin da aka buɗe konkur sai wasu mutane su ɓullo, wai sun san wane a ma'aikata, a kawo jika 500 ko miliyan ɗaya sunan yaro ya fito. Uwa ta kwashi adashenta, uba ya sayar da raƙumi. In yaro ya ci da ƙoƙarinsa su ce su ne suka yi, in ya faɗi su ce wani ya fi ku bayarwa. Ba za ku iya kai ƙara ba, domin a dokar ƙasa mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne, a addini ma haka. Hukumar yaƙi da cin hanci ta taɓa sa an soke sakamakon wasu konkur saboda maguɗi, waɗanda suka biya suka tashi babu kuɗi babu aiki. Kuma ku yi tunani: yaron da ya sayi kujerar alƙali da kuɗi, daga aljihun wa zai mayar da kuɗinsa? Daga naku, ranar da kuka je gabansa.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Wanda ya ce zai gabatar da yaro don a gwada shi, ya yi taimako. Wanda ya ce a biya don kada a gwada shi, ɗan damfara ne ko maci amana.

'Ya'ya mata

Hajiyoyi, 'yar da ta karanta shari'a tana fuskantar abin da ɗan'uwanta ba ya fuskanta. Akwai masu ofis da ke neman abin da bai dace ba kafin su sa hannu, akwai kuma dangi da ke cewa ta zauna ta jira miji. Kada a bar ta ta tafi ganin baƙon mutum ita kaɗai da dare ko a wani wuri da ba ofis ba, kuma in ta kawo kuka a saurare ta. Ta nemi ƙungiyar mata masana shari'a ta AFJN da matan da suka riga ta shiga aikin. Mace ta kai ƙololuwa a wannan fage a ƙasar nan: Salifu Fatimata Bazai ce take shugabancin kotun tsarin mulki a shekarar 2009 lokacin da kotun ta ƙi amincewa da ƙuri'ar tazarce. Matan kasuwa kuma sun fi sakin jiki su faɗa wa mace matsalar gado ko ta saki ko ta bashi.

Abin da ya rage ga iyaye

Kun riga kun yi babban aikin, kada ku gaji a ƙarshe. Kuɗin da za a ba ɗan damfara, a ba yaro ya gyara takardunsa, ya biya kuɗin mota zuwa konkur, ko ya riƙe kansa wata 6 yana koyon aiki. Ku buɗe masa ƙofofinku: shugaban 'yan kasuwa, sarkin dillalai, shugabar asusu, alhajin da kuke saro kaya wurinsa, mai masaukinku na Maraɗi ko na Yamai. Ku ce ga ɗanmu ya karanta doka, a gwada shi da rubuta takardar bashi ɗaya. In ya yi, a biya shi ko kaɗan ne, kamar yadda kuke biyan mai awo da ɗan dako, domin aikin da ba a biya ba a daraja shi.

Ku kuma yara, babu kunya ga mai mastar ya zauna a shagon ubansa yana rubuta littafin bashi, ko ya bi ayarin Kofo cikin rana ana shata burtali, yana kuma bitar darussansa da dare don konkur mai zuwa. Mutanen Dakoro suna tafiya har Maraɗi da Yamai neman wanda zai karanta musu takarda ya gaya musu gaskiya, alhali ga 'ya'yansu da suka iya zaune a gida. Allah ya ba masu nema sa'a, ya kuma saka wa iyaye da alheri.